Jawabin Sarki Siyatil: Yadda Aka Bi Sawun Wata Waƙar Daji Har Ƙofar Mai Ita

Fiye da shekara 50 ke nan ana karanta wani jawabi wajen tarurrukan kare muhalli, ana buga shi cikin littattafan yara, ana manna shi a bangon ofisoshi da makarantu daga Amurka har Turai. An ce wani tsohon sarkin ƴan asalin Amurka ne ya furta shi a 1854. Da masu bincike suka kama sawunsa suka bi baya-baya, sai sawun ya kai su ga wani malamin jami'a wanda ya rubuta shi domin fim, shekara 100 da ƴan kai bayan rasuwar sarkin.

Jawabin ba waƙa ce mai ƙafiya ba, amma sau da yawa akan jera shi layi-layi tamkar baitoci, kuma daɗinsa a kunne daɗin waƙa ne. Mai maganar yana mamakin yadda ɗan Adam zai yanka wa sama da ƙasa farashi. Yana lissafa koguna da itatuwa da namun daji cikin danginsa na jini. Yana gargaɗin Nasara cewa ɓarnar da aka yi wa ƙasa ba ta tsayawa ga ƙasa, sai ta koma bisa masu yin ta. Duk wanda ya ga hamada tana cin gonaki, ko ya ga gatari ya ƙarar da dajin da ya sani yana yaro, da wuya ya ji waɗannan kalmomi bai girgiza kai ba. Shi ya sa aka fassara jawabin cikin Faransanci da Jamusanci da wasu harsuna masu yawa, kuma a ƙasan kowace fassara akan rubuta suna guda da shekara guda: Sarki Siyatil, 1854. Wasu ma sukan ƙara da cewa wasiƙa ce da ya aika wa shugaban Amurka na lokacin, Franklin Pierce.

Wane ne Siyatil?

Sarkin dai ba ƙage ba ne. An haife shi wajen 1786 a bakin mashigin teku na Puget, can ƙuryar arewa maso yammacin Amurka, kusa da iyakar Kanada ta yau. Mahaifinsa ɗan ƙabilar Sukwamish ne, mahaifiyarsa ƴar Duwamish, ya kuma zama babba mai faɗa a ji cikin ƙabilun biyu. Mutanensa masunta ne. Suna sassaƙa kwale-kwale da manyan itatuwa, suna tare kifin salmon lokacin da yake hawowa koguna daga teku, suna ƙyafe shi domin cin hunturu. Ƙasarsu ƙasa ce ta ruwan sama da duhun daji. Sa'ad da Nasara suka fara kafa bukkoki a wurin a 1851, Siyatil ya zaɓi zaman lafiya da ciniki da su, har suka raɗa wa sabon garinsu sunansa. Garin nan shi ne birnin Siyatil na yau, inda kamfanin ƙera jiragen sama na Boeing ya tashi.

A 1853 gwamnatin Amurka ta kafa yankin Washinton, ta naɗa Isaac Stevens gwamna, ta ɗora masa aikin karɓar ƙasa daga hannun ƙabilu ta hanyar yarjejeniya. Ranar 22 ga Janairu 1855, a wani wuri da ake kira Point Elliott, sarakunan yankin suka sa alamarsu bisa takarda. Sun saki ƙasarsu, a ba su dalar Amurka 150,000 kashi-kashi cikin shekara 20, da ƴan keɓaɓɓun filaye na zama, da haƙƙin ci gaba da kamun kifi a wuraren da suka gada. Alamar Siyatil ce ta farko a jerin sarakunan. Ya rasu ranar 7 ga Yuni 1866.

Shaida ɗaya, bayan shekara 33

A ɗaya daga cikin ziyarce-ziyarcen gwamna Stevens, wadda galibi ake ɗorawa a 1854, aka ce Siyatil ya miƙe gaban jama'a ya yi dogon jawabi. Shaidar wannan jawabi a rubuce guda ɗaya ce tak. Wani likita mai suna Henry Smith ya buga abin da ya ce ya ji cikin jaridar Seattle Sunday Star ta ranar 29 ga Oktoba 1887, wato bayan shekara 33 da faɗin maganar, kuma bayan shekara 21 da rasuwar mai ita. Smith da kansa ya nuna cewa guntu ne kawai ya tsamo daga abin da ya rattaba cikin kundinsa a wancan lokaci. Kundin nan kuwa babu mai binciken da ya taɓa sa shi a ido.

Ga kuma maganar harshe. Siyatil da harshen Lushutsid yake magana, ba ya jin Ingilishi. A irin waɗannan taruka, tafinta na farko yakan juya magana zuwa Cinuk, wani harshen kasuwa mai ƴan ɗaruruwan kalmomi wanda ƙabilu da fatake suka saba ciniki da shi, sa'an nan tafinta na biyu ya juya ta zuwa Ingilishi. Dattawan da suka ga zamanin kwamanda da tafintansa a Damagaram ko Tawa sun san abin da kan sami magana idan ta bi ta baki biyu kafin ta isa kunne. Harshen da aka gina domin tayi da sallamawa ba ya ɗaukar azanci da habaici ya sauke su lafiya. Amma abin da Smith ya buga Ingilishi ne mai ado ƙwarai, irin na mawaƙan zamaninsa, shi kansa kuma mai rubuta waƙoƙi ne. Saboda haka masana suka daɗe da ɗaukar cewa ko da ƙashin maganar na Siyatil ne, tufafinta na likita ne.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne, ko a wannan rubutu na 1887 babu kiran kare muhalli. Jawabin baƙin ciki ne na dattijon da ya ga mutanensa suna ƙarewa. Yana tuna lokacin da su ne masu yawa a ƙasar. Yana shakkar cewa Ubangijin da Nasara ke bauta wa yana ƙaunar mutanensa, yana jaddada cewa su da baƙin nan iri biyu ne, asali dabam, makoma dabam. Ya yarda a duba tayin gwamnati, amma bisa sharaɗi guda: kada a hana su ziyartar kaburburan kakanninsu. Ya rufe da gargaɗin cewa matattunsu ba za su ƙaura daga ƙasar ba ko da birane sun rufe ta. Sama da taurari da igiyar teku suna cikin jawabin, amma a matsayin misali suka zo, kamar yadda kowane mai hikima kan ɗauki abin da ke gabansa ya buga misali da shi.

Hannu bayan hannu

Daga jarida jawabin ya shiga littattafai. Frederic Grant ya kwafe shi cikin tarihin birnin da ya wallafa a 1891. Clarence Bagley ya sake buga shi a 1929, tare da ƴan ƙare-ƙaren da babu su a jaridar asali. Haka ya zauna shekaru, ba a san shi sosai ba sai a yankinsa.

A 1969 wani shehun malami na jami'ar Tekzas, William Arrowsmith, masanin adabin Girkawa da Rumawa, ya ga adon Smith ya danne muryar sarkin. Ya sake rubuta jawabin cikin Ingilishi mai sauƙi, ya kuma faɗi sarai abin da ya yi. Ranar 22 ga Afrilu 1970 aka yi bikin Ranar Ƙasa na farko a Amurka, lokacin da gurɓatar iska da ruwa ta tayar da hankalin jama'a. Arrowsmith ya karanta rubutunsa gaban taro a birnin Ostin. Cikin masu sauraro akwai wani matashin malami mai koyar da aikin fim, Ted Perry, wanda hukumar rediyo da talabijin ta cocin Baftis na kudancin Amurka ta ba aikin rubuta fim a kan gurɓatar muhalli.

Perry ya ga ya sami bakin da zai ari murya. Ya ɗauki siffar dattijon, ya ɗebi wasu jimloli daga rubutun Arrowsmith, sauran kuwa ya zuba nasa tunanin na mutumin 1970 mai damuwa da hayaƙin masana'antu da dattin birane. Wannan ba laifi ba ne a aikin fim, domin kowane mai tsara wasa yana sa wa mutanen da magana a baki. Perry ya yi tsammanin sunansa zai fito a matsayin marubuci. Sai dai da aka nuna fim ɗin mai suna Home a talabijin a 1972, masu shirya shi suka bar jama'a da fahimtar cewa kalmomin na Siyatil ne, domin su fi shiga zuciya. Suka ƙara ƴan jimloli na addini, suka kuma buga rubutun bisa manyan takardu suka aika wa dubban masu kallo da suka nema. Ta haka dattijon da a 1887 yake cewa shi da Nasara ba hanyarsu ɗaya ba, ya wayi gari a 1972 yana shelar cewa Ubangijinsu ɗaya ne kuma watakila ƴan uwa ne.

Daga nan magana ta fita hannun mai ita. A Nuwamba 1972 mujallar Environmental Action ta buga rubutun a matsayin wasiƙa zuwa ga shugaba Pierce. A 1974 ya bayyana a rumfar Amurka wajen baje kolin duniya na birnin Sfoken, cikin jihar Washinton ɗin kanta. Masanin tatsuniyoyin al'ummu Joseph Campbell ya karanta shi a wani shahararren shirin talabijin da aka nuna a 1988. A 1992 Al Gore, wanda ya zama mataimakin shugaban ƙasa a shekarar da ta biyo, ya kawo shi cikin littafinsa na muhalli. Kowa yana kwafa daga na gabansa, yana kuma dogara da cewa na gaban ya duba.

Ɓauna da jirgin ƙasa

Wanda ya warware ƙullin Bajamushe ne, Rudolf Kaiser, malamin da ya lura da yadda jawabin ya karɓu a Turai, ya kuma yi mamakin yadda kofe-kofensa suka saɓa wa juna. Ya tattara su, ya jera su bisa shekarun fitowarsu, ya gwada jimla da jimla. Ya tarar babu ko ɗaya mai maganar kare muhalli da ya girmi shekarun 1970, kuma dukkansu ga fim ɗin nan suke komawa. Ya gabatar da sakamakon wajen wani taron masana a birnin Rum a 1984, aka buga shi a 1987. Perry kuwa bai taɓa ɓoyewa ba. Ya sha faɗa cewa shi ya rubuta, ya kuma nuna baƙin cikinsa da yadda abin ya kasance.

A ɗaya ɓangaren, wani ma'aikacin gidan ajiyar takardun gwamnatin Amurka, Jerry Clark, ya bi kundayen hukuma yana neman wasiƙar da aka ce an aika wa Pierce. Ya ba da rahoto a 1985 cewa babu ita. Abin da ya samu na Siyatil ƴan gajerun kalmomi ne cikin rahoton zaman yarjejeniyar 1855, waɗanda ba su yi kama da dogon jawabin ba.

Amma ko ba a shiga gidan ajiya ba, rubutun da kansa yana tona asirin kansa, kuma dabbobinsa ne suka ba da shaida. Mai maganar yana cewa ya ga ɗimbin ɓakane suna ruɓewa a fili, waɗanda Nasara suka harbe daga cikin jirgin ƙasa mai wucewa. To, ɓaunar Amurka dabbar faffaɗan filayen ciyawa ce na tsakiyar ƙasar, bayan manyan duwatsu, nesa da dajin Puget da ɗaruruwan kilomita. A 1854 layin dogo da ƙyar ya kai bakin kogin Misisipi, fiye da kilomita 2,000 daga inda Siyatil yake. Layin da ya ratsa ƙasar daga gabas zuwa yamma ba a gama shi ba sai ranar 10 ga Mayu 1869, shekara 3 bayan an binne sarkin. Kisan gillar da ya mayar da miliyoyin ɓakane dubu ɗaya da ƴan kai kafin 1890, a shekarun 1870 ya yi tsanani. Rubutun yana kuma kewar kukan wani tsuntsun dare wanda a gabashin Amurka yake, ba ya zuwa bakin tekun yamma. Yana kukan wayoyin tangaraho da suka ɓata tuddai, alhali waya ba ta tsallaka ƙasar ba sai 1861. Misalinsa kamar a fito da waƙar wani Basarke na bakin kogin Isa a Gaya, a ce ta girmi zuwan Nasara, amma a ji shi yana kukan raƙuman Abzin da manyan motoci suka kaɗe a hanyar Arlit. Ɗan Nijar ba ya bukatar malamin jami'a kafin ya gane akwai lauje cikin naɗi.

Duk da haka gaskiya ta yi nauyin ƙafa. A 1991 aka fito da wani littafin yara mai zane-zane na Susan Jeffers, wanda aka gina bisa rubutun fim ɗin aka kuma jingina shi ga sarkin. An sayar da fiye da kofe 250,000, har ya hau jerin littattafan da suka fi kasuwa a sashen labaran gaskiya. Sai a Afrilu 1992, da jaridar New York Times ta kawo labarin, jama'a da yawa suka ji. Ko a yau rubutun yana yawo a intanet da Facebook da sunan sarkin da shekarar 1854 a ƙasansa.

Ina ruwan wani da wanda ya faɗa?

Akwai masu cewa duk wannan bincike ɓata lokaci ne. A ganinsu magana mai kyau mai kyau ce, ko daga bakin wa ta fito, kuma idan sunan sarki ya sa mutum ɗaya ya fasa sare itace, to, an ci riba. Hujja ce mai ƙarfi, amma ta manta da hasara biyu.

Ta farko ta faɗa wa aikin kare muhalli ne. Da asiri ya tonu, masu adawa da wannan aiki suka sami sandar duka, suna cewa wanda ya yi ƙarya a kan sarki zai yi ta a kan alƙaluma. Hausawa sun ce ƙarya fure take, ba ta ƴaƴa.

Ta biyu ta fi zafi, domin ta faɗa wa mutanen Siyatil. Kukansu na ainihi kukan ƙasa ne da kaburbura da alkawarin da aka ɗauka bisa takarda. Jawabin fim ya share wannan kuka, ya aje a madadinsa wani dattijo mai sanyin murya wanda ba ya bin kowa bashi, sai nasiha. Alhali a Fabrairu 1865, Siyatil yana da rai, hukumar garin da ke ɗauke da sunansa ta yi dokar hana ƴan asalin ƙasa zama cikinsa. A 1866 Nasaran garin suka sa hannu bisa takardar koke domin a hana keɓe wa Duwamish fili a bakin koginsu, aka kuwa hana. Ƙungiyar da ke ɗauke da sunan Duwamish ta sami amincewar gwamnatin tarayya a Janairu 2001, cikin kwanakin ƙarshe na mulkin Bill Clinton. Sabuwar gwamnati ta soke amincewar a wannan shekara, aka kuma sake ƙin bukatarsu a 2015. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: sunan kakansu yana sayar da littattafai da manyan takardun bango, su kuwa suna zarya a kotuna.

Shekarar 1974 ta nuna bambancin takardun biyu ƙarara. Tun kafin baƙi su fara karanta jawabin ƙage a baje kolin Sfoken, ranar 12 ga Fabrairu na shekarar wani alƙalin tarayya, George Boldt, ya yanke hukunci a jihar. Ya buɗe yarjejeniyoyin gwamna Stevens, har da ta Point Elliott, ya saurari masana a kan yadda sarakuna suka fahimci kalmominta a lokacin sa hannu, ya ce ƙabilun da suka shiga yarjejeniya suna da haƙƙin rabin kifin da ake kamawa a wuraren da suka gada. Kotun ƙoli ta tabbatar da hukuncin a 1979. Sukwamish, ƙabilar mahaifin Siyatil, tana cikin waɗanda suka amfana. Busasshiyar takardar hukuma mai kwanan wata da shaidu ta mayar wa masunta da abincinsu, abin da jawabi mai daɗin kunne bai taɓa yi musu ba.

Awon magana

Ɗan kasuwar Maraɗi ba ya sayen atamfa saboda dillali ya rantse. Yakan juya bakin zane ya duba tambari, ya murza ya ji nauyin zare. Ma'aikacin gwamnati ba ya aiki da takardar da ba ta da lamba da kwanan wata da hatimi. Maganar da aka jingina ga wani babba ita ma haja ce, kuma awonta bai fi ƙarfin kowa ba. Wa ya fara buga ta, a ina, a wace shekara? Shekara nawa ne tsakanin furuci da rubutu? Ta harshe nawa ta bi? Tsuntsaye da itatuwa da na'urorin da ke cikinta, na ƙasar mai maganar ne, na zamaninsa ne? Wannan tambaya ta ƙarshe ta fi cin waƙar daji, domin mawaƙin gaske ba ya kuskuren tsuntsun bayan gidansa. Idan kuma maganar mutumin da ta zo daidai wa daida da bukatar yau, ba ragi ba ƙari, to, nan ne ya kamata a ƙara buɗe ido.

Babu abin da ya hana a ci gaba da karanta rubutun wajen taro, domin gwaninta na cikinsa. Gyaran layi ɗaya ne kawai ake bukata a ƙasansa: Ted Perry, domin fim ɗin 1972. Mai son jin Siyatil kuwa, mafi kusa da shi shi ne rubutun 1887, tare da sanin cewa ta bakin tafinta da alƙalamin likita ya iso. Kabarin sarkin yana garin Sukwamish, a ƙetaren ruwa daga birnin da ya ɗauki sunansa, kuma kowane watan Agusta jikokin mutanensa suna taruwa a can su yi masa ziyara, wato abin nan guda da ya gindaya wa gwamna Stevens a matsayin sharaɗi.